Abin Da Ke Karkatar Da Ƙashin Baya Bayan An Yi Masa Aiki

Kowa ya san ɗori. In mutum ya faɗi daga kan keke ya karye a hannu, sai a kai shi wurin mai ɗori ko asibiti, a ja ƙashin a daidaita, a ɗaure da kara ko filasta, a bar shi. Bayan 'yan makonni sai ka ga guntayen nan biyu sun koma ƙashi ɗaya, har wurin karayar ya yi ɗan tudu. To, ku lura, mai ɗori bai haɗa kome ba, daidaitawa kaɗai ya yi. Jiki ne ya yi haɗin da kansa. In an daidaita sosai, hannu ya warke sosai. In kuwa an ɗora shi a karkace, haka zai kama a karkace, ba ya kuwa miƙewa sai an sake karya shi.

Ku riƙe wannan a ka, don shi ne tushen darasinmu. Akwai wani aiki da likitocin ƙashi ke yi, wanda a ke haɗe waɗansu gaɓoɓin ƙashin baya da gangan, su zama ƙashi guda, su daina motsi. A kan yi shi ga wanda bayansa ya karye, da wanda tarin fuka ya ci masa ƙashi, da yaron da bayansa ke karkacewa gefe, da babba wanda gaɓoɓinsa suka zaizaye har ɗaya na zamewa bisa ɗaya. Aiki ne mai amfani ƙwarai, ya tsai da mutane da yawa bisa ƙafafunsu. Amma wani lokaci, bayan wata shida, ko shekara biyu, ko ma ashirin, sai a ga bayan nan da aka gyara ya sake lanƙwashewa, ko a wurin da aka yi aikin, ko sama da shi, ko ƙasa da shi. Dalilin wannan mu ke so mu bincika, da kuma yadda a ke tsare shi.

Watakila wani ya ce, mu da mu ke koyon aikin malanta, ina ruwanmu da sha'anin likitocin fiɗa? Akwai ruwanku. Likita awa huɗu ko shida zai yi a kan bayan yaro, amma ƙashin nan sai ya kai shekara kafin ya gama kamawa, yawancin shekarar kuwa a gida da cikin aji yaron zai yi ta, a gaban idonku.

Yadda aka gina bayan mutum

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 a jere, ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a tsatso, sa'an nan 5 da suka manne suka zama allo guda tsakanin ƙasusuwan ƙugu, da ƙanana wajen 4 a can ƙarshe. Na sama ɗin nan 24 su ne masu motsi. A tsakaninsu akwai wani faifai na guringuntsi mai taushi, aikinsa tamkar na gammo ne, ya hana ƙashi gugar ƙashi, ya kuma rage nauyin jijjiga. Ta bayansu akwai rami wanda ya zarce tun daga ƙeya, ta nan laka ta bi, watau babbar jijiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa.

In kuna so ku nuna wa 'yan ajinku wannan, ku yanka guntayen kara 24, ku huda su, ku zura a igiya, ku riƙa sa ɗan tsumma tsakanin kowane biyu. Za su ga yadda abin ke lanƙwasa ko'ina, ko da ya ke kowace gaɓa motsi kaɗan ta ke yi.

In ka dubi lafiyayyen mutum ta baya, ƙashin bayansa a miƙe ya ke sambal. Amma in ka dube shi ta gefe, ba haka ba ne. Wuya ya ɗan gantsare, gadon baya ya ɗan yi doro, tsatso kuma ya sake gantsarewa. Jariri ba a haife shi da wannan ba, nasa baya lanƙwasa ɗaya ce kamar baka. Sa'ad da ya fara ɗaga kai, wuya ya sami tasa, sa'ad da ya fara tsayuwa da tafiya, tsatso ya sami tasa. Waɗannan lanƙwashe-lanƙwashe ba aibi ba ne, su ne ke sa kai, wanda nauyinsa ya kai wajen kilo 5, ya zauna daidai bisa ƙugu ba tare da tsoka ta wahala ba. Likitoci na gwada wannan kamar yadda magini ke gwada bango da zare da dutse. A hoton ƙashi su kan ja layi daga gindin wuya ya sauka ƙasa. In ya faɗa bisa allon ƙugu, ko bai wuce shi gaba da fiye da inci 2 ba, to, mutum a tsaye ya ke daidai. In ya wuce can gaba, ginin ya rinjaya.

Asalin aikin

Tarin fuka ne ya jawo shi. Wani likitan Landan, Percivall Pott, ya bayyana a 1779 yadda wata cuta ke cin ƙashin baya ta gaba, har gaɓoɓi su rufta, mutum ya yi ƙusumbi, wani ma ƙafafunsa su shanye. Daga baya aka tabbata ƙwayar tarin fuka ce. A 1911 likitoci biyu a birnin Niyok na Amurka, Russell Hibbs da Fred Albee, kowa da tasa dabara, suka fara haɗe gaɓoɓin da cutar ta kama don su huta. Albee ya kan yanko ɗan siririn ƙashi daga ƙwaurin majinyacin ya dasa a bayan. Hibbs kuwa ya kan fasa 'yan tsinin da ke bayan gaɓoɓin, waɗanda ka ke ji in ka shafa bayanka, ya kwantar da su bisa juna. Dukansu dai ɗori ne: a yi wa jiki wayo, ya zaci karaya ce, ya haɗa. A 1914 Hibbs ya fara yin aikin ga masu karkacewar gefe. A zamanin nan ba a sa ƙarfe, sai majinyaci ya yi watanni kwance cikin filasta.

Ƙarfe ya shigo ne ta hannun Paul Harrington na birnin Hustan, wanda ya yi fama da yaran da shan inna ta karkatar wa baya cikin shekarun 1950. Ya ƙera wata miƙaƙƙiyar sandar ƙarfe mai ƙugiya sama da ƙasa. A maƙala ƙugiyoyin jikin ƙashi, a yi ta buɗa tsakaninsu kamar yadda a ke ɗaga mota da jak, har bayan ya miƙe. Ya bayyana wa duniya dabarar a 1962, aka kuwa yi fiye da shekara 20 ita ce a kan gaba. A yau ƙusoshi a ke murɗawa cikin kowace gaɓa, biyu biyu, a haɗa su da sanduna biyu waɗanda likita zai lanƙwasa yadda ya ke so. Amma fa ko da can ko yanzu, ƙarfe tallafi ne kurum, kamar karan mai ɗori. Ƙashin da ya tsiro ya haɗe, shi ne ainihin gyaran.

Bayan da aka miƙar fiye da kima

Sandar Harrington ta yi abin da aka ƙera ta dominsa, in an duba ta baya. Abin da ba a lura ba tun da wuri shi ne, sandar da ta miƙar da karkacewar gefe, ita ce kuma ta miƙar da gantsarewar tsatso, wadda jiki ba ya iya yi sai da ita. Yarinya mai shekara 14 ba ta jin kome, domin gaɓoɓi ɗaya ko biyu da aka bari a ƙasa suna ƙara gantsarewa su biya bashin. Amma sa'ad da ta kai 35 ko 40, faya-fayan nan sun gaji sun lotse, sai ta ga ba ta iya tsayawa sosai. Jiki ya rinjaya gaba. Don ta ga gabanta sai ta tura ƙugu, ta ɗan lanƙwasa gwiwa, ta ɗaga haɓa. Da safe da dama-dama, kafin la'asar baya da cinyoyi sun ɗauki zafi, sai ta sami abin dafawa. Tun cikin shekarun 1970 likitoci suka fara ba da labarin wannan, suka sa masa suna shafaffen baya.

Ba na ganin daidai ne a ɗora wa Harrington laifi. Yaran da ya taimaka, da yawansu karkacewar na matse musu huhu, ba kuwa wata dabara a lokacin. Amma abin ya koya wa likitoci su riƙa duban baya ta fuska biyu. Cikin shekarun 1980 waɗansu Faransawa biyu, Yves Cotrel da Jean Dubousset, suka fito da sanduna da a ke lanƙwasawa a maƙala su a wurare da yawa. Daga baya, a 1998, waɗansu masu bincike, su ma masu aiki da harshen Faransa, suka bayyana wani awo na ƙashin ƙugu wanda ya warware matsala babba. Ashe kowane mutum da irin zaman da allon ƙugunsa ya yi, wani kusurwarsa digiri 40, wani 55, wani 70, kuma ba ta sakewa in an girma. Mai babbar kusurwa na bukatar gantsarewa mai yawa, mai ƙarama kaɗan ta ishe shi. Ka'idar da a ke bi ita ce, kada bambancin awon biyu ya wuce wajen digiri 10. Har wa yau, wajen kashi biyu cikin uku na gantsarewar tsatso a gaɓoɓi biyu na can ƙasa ta ke. Saboda haka ko ɗan ƙaramin aiki ne, na gaɓa ɗaya ko biyu, in an haɗe su a shafe, an yi ɓarna mai yawa. Ko yadda aka kwantar da majinyaci bisa tebur na da nasa hannu a ciki: in an naɗe masa cinyoyi kamar mai durƙuso, tsatso ya kan shafe, a kuwa ƙulle shi a haka.

Inda mai tauri ya gamu da mai taushi

Ga wani gwaji. Ku sami ɗanyen kara, ku zura rabinsa cikin bututun ƙarfe, ku danna kan da ke waje. A ina zai karye? Daidai bakin bututun. Haka abin ya ke ga baya. Gaɓoɓin da aka haɗe sun zama doguwar sanda wadda ba ta ba da kai, saboda haka duk wani sunkuyo da juyi sai ya taru a kan gaɓar farko mai motsi da ke maƙwabtaka da su. Mafi yawa a bakin sama abin ke faruwa. Gaɓar ta ɗan duƙa gaba, wani sabon doro ya fito daidai inda ƙarfe ya ƙare. Likitoci na lissafa shi in kusurwar wurin ta kai digiri 10, ta kuma fi yadda ta ke kafin aiki da digiri 10. A cikin manya waɗanda aka yi wa dogon haɗi, a kan ga wannan a hoton mutum 20 zuwa 40 cikin 100, yawanci kafin a cika shekara biyu. Kada adadin ya firgita ku, da yawansu a hoto kaɗai a ke gani, mai shi bai san ana yi ba. Kaɗan ne abin ke kai su ga karyewar gaɓa, ko tsigewar ƙusa, ko danne laka, su ne sai an sake aiki.

Su wa abin ya fi kamawa? Tsofaffi, da masu raunin ƙashi, da masu ƙiba ƙwarai, da wanda aka haɗe masa baya har zuwa ƙugu, da kuma wanda aka yi wa gyara mai yawa a tashi ɗaya. Wannan na ƙarshe abin lura ne. Dattijo ɗan shekara 70 ba a tsaye ya ke kamar saurayi ba, ɗan ranƙwafawa kaɗan ita ce daidai da shi. In likita ya gantsarar da shi kamar soja a fareti, sai jiki ya nemi komawa inda ya saba, tun da kuwa ƙarfe ya hana ƙasa motsi, sai sama ta lanƙwashe. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Don haka likitan kirki ba ya ƙare haɗi a tsakiyar doro, inda nauyi ya fi yawa. Ya kan kuma kiyaye jijiyoyi da tsokar da ke riƙe da gaɓar sama kada ya yanke su. Wani lokaci ya kan sa ƙugiya ko ɗamara mai ɗan ba da kai a bakin sama maimakon ƙusa, ko ya ɗura wani irin siminti na asibiti cikin gaɓar don ta yi ƙarfi.

Ban da wannan akwai zaizayewa ta sannu a hankali. A 1999 aka ba da sakamakon wani bincike a Amurka kan waɗanda aka haɗe wa gaɓoɓin wuya. Aka tarar kowace shekara wajen 3 cikin 100 na samun sabon ciwo a gaɓar maƙwabta, cikin shekara 10 kuwa ya kai kusan ɗaya cikin huɗu. Har yanzu ana gardama ko nawa ne laifin aikin, nawa ne na tsufa, don wanda faifai ɗaya ya lalace masa, da ma sauran ba su cika lafiya ba.

In ɗori bai kama ba

Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, in ka jure sai ta tsinke. Sandar da ke bayan mutum ma haka ne, kullum ya motsa tana ɗan lanƙwasa. Tsere a ke yi tsakanin ƙashi da ƙarfe: in ƙashi ya riga kamawa, ya karɓi nauyin, ƙarfe ya huta. In bai kama ba, wata rana sanda ta karye ko ƙusa ta yi sako-sako, baya ya koma inda ya fito.

Babban abokin gābar ɗori shi ne taba. A 1986 waɗansu likitoci a Amurka suka duba mutum 100 da aka yi wa wannan aiki a tsatso, 50 mashaya sigari, 50 ba su sha. A cikin mashaya, 40 bisa 100 ƙashinsu bai kama ba, a cikin sauran kuwa 8 bisa 100 kaɗai. Dafin taba na tsuke ƙananan hanyoyin jini, sabon ƙashi kuwa ba ya tsira sai da jini. Wannan bai tsaya ga sigari ba, har da taba gari da shisha. Wanda za a yi wa aiki ya bar ta tun da sauran mako shida ko fiye, kada kuma ya koma. Ciwon sukari da ba a kula da shi ba na hana kamawa, haka ƙwayoyin cuta in sun shiga miki. Akwai kuma magunguna. Masu kashe zafin ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, in an sha da yawa cikin makonnin farko, suna iya jinkirta ɗori, saboda haka kada a saya a kanti a sha sai da izinin likita. Mafi muni su ne ƙwayoyin nan da waɗansu 'yan mata ke sha don su yi ƙiba, irin su dexamethasone. Kumatu su cika, ƙashi kuwa ya rarake kamar icen da gara ta ci. Ƙusa ba ta kama irin wannan ƙashi.

Kayan ginin ƙashi daga abinci su ke zuwa, musamman wani abu dangin alli, sunansa kalsiyam. Kada ku zaci mu da mu ke da rana ba mu da matsala. A 1999 wani bincike da aka yi a Jos ya nuna yaran da ƙafafunsu suka kantare, rashin kalsiyam a abinci ne babban dalili, da aka ba su kuwa suka warke. Tuwo zalla ba ya gina ƙashi. A haɗa da nono ko kindirmo, da ƙananan kifi da a ke ci har da ƙaya, da zogale, da kuka, da riɗi, da wake, da ƙwai, a kuma riƙa fita rana. Mace da ta daina al'ada, da kowane dattijo, ya kamata a auna ƙarfin ƙashinsu kafin aiki. In an tarar da rauni, gwamma a jinkirta 'yan watanni a ba da magani tukuna.

Yaron da bai gama girma ba

Nan sai a ƙara hankali. Katako in gefe ɗaya ya jiƙa ya kumbura, ɗaya gefen ya tsaya a bushe, kun san kantarewa ya ke yi. In an haɗe wa ƙaramin yaro baya ta wajen baya kaɗai, wajen ya daina tsawo, amma gaban gaɓoɓin na nan na girma. Da ya ke ba shi da hanyar miƙewa sama, sai ya murɗe ya kewaya haɗin, haƙarƙari ya turo gefe ɗaya, ko da ya ke ɗorin ya kama sarai. Dubousset da abokan aikinsa suka bayyana wannan a 1989. Ya fi samun yara 'yan ƙasa da shekara 10. Akwai kuma wata hasara: in an ƙulle gadon baya da wuri, ƙirji ba ya faɗaɗa, huhu ya tsaya ƙarami har abada.

Saboda haka likita ya kan duba hoton ƙashin ƙugu ya ga sauran girma nawa ya rage. In da saura da yawa, sai a yi dabarar jan lokaci, ko da filasta, ko da rigar roba mai tauri, ko da sanduna waɗanda a ke ƙara wa tsawo wajen kowane wata shida, waɗansu ma da maganaɗisu a ke jan su daga waje ba tare da yanka ba. Haka kuma in an taƙaita haɗi don a bar wa yaro motsi, aka taƙaita fiye da kima, karkacewar kan zarce ƙasa ta kama sababbin gaɓoɓi. Yaron da tarin fuka ya ci wa baya shi ma sai an bi shi har ya gama girma, don doronsa na iya ƙaruwa shekaru bayan cutar ta warke.

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, kuma bayan da aka gano da wuri sau da yawa ba ya kai wa ga wuƙa. Yara 2 ko 3 cikin 100 na samun karkacewar gefe tsakanin shekara 10 da 16, ta kuwa fi tsananta ga 'yan mata. Ba nauyin jaka ke kawo ta ba, ba kuma mugun zama ba, kada ku tsawata wa yaro a kan abin da ba laifinsa ba. Gwajinta mai sauƙi ne, William Adams ya bayyana shi tun 1865: yaro ya haɗa ƙafafu ya sunkuya, hannuwa na reto, a duba ta baya. In gefe ɗaya na haƙarƙari ya fi ɗaya tudu, a tura shi asibiti. Malama ce za ta duba 'yan mata, a keɓe. Karkacewa tsakanin digiri 25 da 40 a kan tare ta da rigar roba. Wani babban gwaji na 2013 ya nuna 72 cikin 100 na masu sa rigar ba su kai ga bukatar aiki ba, a waɗanda ba su sa ba kuwa 48. Sai ta kai wajen 45 ko 50 a ke maganar fiɗa. Yaro mai ciwon baya na watanni, da rama, da zazzaɓin dare, da ɗan ƙullutu a gadon baya, a yi zaton tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, yawanci kuwa ƙwayoyi kaɗai ke warkad da shi in an fara da wuri. Akwai asibitocin ƙashi na ƙasa a Igbobi a Ikko, da Inugu, da Dala a Kano.

Bayan an sallamo shi

A ce ga yarinya ta dawo ajinka mako biyar bayan aiki. Abu uku aka hana ta cikin watannin farko: sunkuyawa, da murɗa jiki, da ɗaukar nauyi. Yawancin likitoci na cewa kada a wuce kilo 5. To, jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce cif. Ke nan ba ɗiban ruwa, ba jan guga, ba daka, ba shara da gajeriyar tsintsiya, ba noman gonar makaranta, ba goyon ƙane. Hawan babur a hanya mai gargada ya fi kome muni. A cire ta daga wasan motsa jiki sai likita ya rubuto, wannan na iya kai wata shida ko shekara. Batun bulala a baya, ko kamun kunne, ko tsallen kwaɗo, bai ma taso ba. A ba ta kujera mai majingini, a bar ta ta miƙe ta ɗan taka kowane rabin sa'a, wata ta riƙe mata littattafai. A gida ta kwana bisa gado maimakon tabarma a ƙasa, in za ta tashi ta mirgina gaba ɗaya kamar gungume, sa'an nan ta sauko da ƙafafu. A sama mata abin zama a bayan gida don kada ta tsuguna. In mai salla ce ta yi a zaune har a ba ta izini.

Amma kada a mai da ita ƙwai. Tafiya ita ce maganinta, kullum a ƙara kaɗan. Ƙashi da tsoka da aiki su ke ƙarfi, wanda ya kwanta wata uku don tsoro, tsokar da za ta tallafi bakin haɗin ce ya ke kashewa. In an ba ta rigar roba ta sa yadda aka ce, ku kuwa ku hana 'yan aji yi mata dariya, don ba'a ce ke sa yara tuɓe ta su ɓoye. Ranar komawa asibiti a ba ta izini ko da jarrabawa a ke yi, gama sabon doro a hoto a ke fara ganinsa tun bai fito fili ba.

Ku sa ido kan waɗannan: kafaɗa ɗaya ta fara fin ɗaya tsawo, ko sabon tudu a saman tabon, ko ta fara tafiya a ranƙwafe da gwiwa a lanƙwashe, ko ciwon da ya tafi ya komo, ko ta ce ta ji wani abu ya yi ƙas a bayanta. Wannan a gaya wa iyaye su kai ta cikin makon. In kuwa miki na ruwa da zazzaɓi, ko ƙafa ta yi sanyi ko ta mutu, ko fitsari ko bayan gida ya kufce mata ko ya ƙi fita, ba a kwana. A kai ta asibitin da aka yi aikin a ranar, kada a tsaya wurin mai ɗori ko mai tausa, domin jan bayan da ke da ƙarfe a ciki na iya tsige ƙusa.

Wanda bayansa ya riga ya kama a karkace, akwai gyara, sai dai mai tsada ne da haɗari. Kamar hannun nan da muka fara da shi, sai an sake karyawa. Likita ya kan yanke wani yanki na gaɓa mai siffar bakin gatari, ya rufe gurbin, da haka a kan sami wajen digiri 30 a gaɓa ɗaya. Aikin ya fi na farko daɗewa, ya fi zubad da jini, ya kuma fi kusa da laka. Don haka ba a yin sa saboda hoto ya nuna karkata kurum, sai in mutum ya kasa tsayawa ko tafiya, ko jijiya ta danne, bayan an gwada motsa jiki da magani ba su yi ba.